Ranar da Maiwada Ya Tsallake 'Yata

Da sunan Allah nake buɗe baki, shi da ya riga ya ga abin da zan faɗa. Masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa. Wanda yau ya fara cin karo da ni, sunana Sakinatu, 'yar Malam Muhammadu Lawal. Ƙauyenmu yana arewa da Hunkuyi, wanda ya fita da ƙafa bayan asuba sai rana ta yi zafi yake shiga kasuwa. Mijina na fari ya rasu a ƙarshen daminar da aka yi bikin samun mulkin kai, ya bar ni da goyo. Na gama takaba na dawo gidanmu, na sake kafa jerena na tasoshi da faya-fayai a bangon ɗakin da na tashi a cikinsa, kamar ban taɓa fita ba.

'Yar tawa Ummulhairi ce, ana ce mata Hairi. A nan ne kawai nake iya kiran sunanta gatsau. A gida 'yar fari ce, kunyarta nake ji, sai dai in ce "yarinyar nan". In ta faɗi a gaban manya ban isa in ruga ba, sai in ci gaba da tankaɗe zuciyata tana can ƙasa tare da ita. Mai ita a idon kowa Gwaggo Kulu ce, yayar Baba. Ita ta yaye ta, a ɗakinta take kwana, ita ke tsefe mata kai ta ɗaura mata 'yar jigida. Gwaggo ta haihu ba sau ɗaya ba, amma babu ɗanta ko ɗaya da ya rayu har ya taka ƙasa da ƙafarsa. Ku riƙe wannan a ranku, don kada ku tsane ta in kun ji abin da ya biyo baya.

Shi kuwa Maiwada, mai neman aurena, mai mazarƙwaila ne. Yana da fadamar rake da wani tsohon doki da ke juya masa injin matsa. Dogo ne, siriri, bayan hannunsa duk tabon ruwan rake mai tafasa. Bai iya zance ba ko kaɗan. In ya zo zaure da la'asar, ni na sha kwalli na ɗaura atamfata mai ruwan ganye, shi kuma sai ya zauna yana ba ni labarin dokinsa: yau ya ƙi cin harawa, jiya ya ciji mai sayen rake. Saƙonsa ma haka yake. Yayarsa Zulaihatu ce ke kawo mini mazarƙwaila a naɗe cikin ganye, ta ce, wai a gaishe ki, wai wannan ta bakin tukunya ce. Iyakar soyayyar ke nan.

To me na gani? Ranar da ya fara zuwa, Hairi ta shigo zauren tana ɗingishi da ƙaya a diddige. Bai gama gaishe ni ba ya durƙusa, ya ɗora ƙafarta a gwiwarsa, ya dinga yi mata kukan doki har ya zare ƙayar ba ta sani ba. 'Yan uwana mata, wadda ke da ɗiya ba fuskar namiji take fara dubawa ba, hannunsa take kallo in yaro ya matso kusa. Tun daga ranar take kiransa Baba Wada. Manya sun shiga maganar, aka ce a bari a gama aikin rake a ɗaura aure.

Sai kaka ta yi, aka shigar da dawa rumbu, samari suka buga gangar kalankuwa. Wanda bai san kalankuwa ba, wasa ne na bayan girbi. Samari da 'yan mata su naɗa sarkinsu da alƙalinsu da ɗan dokansu, kowa ya hau matsayin da aka ba shi, a yi kwanaki ana shari'ar dariya a dandali, ana kokawa, ana ciye-ciye. Bana wani saurayi Sada, wanda ya yi zaman masaƙa a Kaduna ya dawo da kai cike da dabaru, ya ce wasan ya tsufa, zai ƙara masa gishiri. Shi ya ƙirƙiro Maƙalau.

Wai Maƙalau aljani ne marar ƙafa marar gida, ba ya rayuwa sai ya maƙale a tsakanin kafaɗun mutum kamar kauci a jikin itace. Sada ya samo ƙaramin duma, ya liƙa masa gashin akuya da ƙaro, ya yi masa idanu da wuri, haƙora da ƙayar kifi. Ƙa'idar ita ce, wanda aka ɗaura wa shi a baya ya fi ƙarfin kowa a cikin wasan. Ɗan doka ba ya kama shi, alƙali ba ya yi masa shari'a, wanda ya yi kokawa da shi dole ya faɗi, abin da duk ya nuna da yatsa a dandali ya zama nasa, tsire ne ko fura. Amma kullum sai ya ciyar da abin da ke bayansa. Yau ya ba shi hularsa, gobe takalminsa, jibi sunansa, kowa ya koma kiransa Mai Doro. Ranar ƙarshe kuwa mutum zai ba shi. Ya nuna wani da yatsa, wancan ya faɗi kamar ya mutu, sannan malamin wasa ya zo da butarsa ya yayyafa ruwa, ya kwance duman ya fasa a gaban jama'a, matacce ya tashi, a rufe wasa.

Aka ja kara, guntun ya faɗo hannun Maiwada. Dandali ya ɗauki dariya, don kowa ya san mutumin da in mace ta gaishe shi sai ya amsa wa ƙasa.

Ni ina gefe ina tuyar ƙosai tare da sauran zawarawa, kuma wallahi ban gane shi ba. Ana ɗaura masa duman nan a ƙarƙashin taguwa sai ya ranƙwafa, ya sauya murya, ya riƙa juyawa yana rarrashin bayansa: yi haƙuri ranka ya daɗe, yanzu za a kawo. Ya nuna rawanin alƙali, aka tuɓe aka ba shi. Ya nuna kaskona gaba ɗaya, sannan ya ce a'a, Maƙalau ya ce mai kaskon yake so, mata suka sa guɗa, ni kuma na rasa inda zan sa fuskata. Sarkin samari, ƙato ne da ba a taɓa kai bayansa ƙasa ba, ya faɗi a hannunsa, ya tashi yana kakkaɓe jiki yana rantsuwa wai shi bai yi niyyar faɗuwa ba, wani abu ne ya ɗauke masa ƙafa. Don wasan ya yi armashi ya faɗa. Kowa ya san haka a ranar.

Ranar ƙarshe da la'asar sakaliya, Maiwada ya tsaya a tsakiyar fili ya ɗaga yatsa yana juyawa a hankali, 'yan mata suna ihu suna ɓuya a bayan juna. Ina kwashe ƙosai, ban ga lokacin da Hairi ta zame daga gefena ba. Sai ganinta na yi ta ratsa fili da gudu, zanenta na ja da ƙasa, ta kama yatsan nan da hannu biyu.

"Baba Wada, ɗauke ni."

Aka yi ta dariya har da masu riƙe ciki. Ya ɗaga ta ya saɓa a kafaɗa, daidai kan doron. Malamin wasa ya ɗauko butarsa ke nan sai aka ji kururuwa daga unguwar yamma, wuta ta kama tarin kara kusa da rumbuna. Kowa ya watse neman tulu da guga. Maiwada ya dire mini ita ya ruga da duman a bayansa. Ba a kashe wutar ba sai gab da magariba, babu wanda ya koma dandali. Ya je gida ya kwance abinsa da kansa, ya jefa kan rumfar doki. Wasan dai ba a rufe shi ba.

Ba a yi mako ba Hairi ta kwanta. Ya fara da mura da tari, sannan zazzaɓi mai zafin da in ka ɗora hannu sai ka janye. Baba ya yi mata rubutu da tofi, Gwaggo ta yi jiƙo ta yi hayaƙi. Ni abin da nake kallo haƙarƙarinta ne, yadda yake lotsawa duk sanda ta ja numfashi, da ɗan gurnanin da ke biyo baya. Na san wannan numfashin. Shi na zauna ina saurare a gefen mahaifinta, har ranar da aka yarda a kai shi asibiti, ranar da ba ta da sauran amfani.

Da zafin ya hau mata kai sai ta fara sambatu. Ba ta kira ni ba, ba ta kira Gwaggo ba. Baba Wada take ta kira, ɗauke ni, ɗauke ni. Akwai mata 'yan dubiya a ɗakin, na ga sun kalli juna. A wajenmu an ce wanda maye ya kama, in ciwo ya yi tsanani, sunan mayen yake kira.

Kafin azahar magana ta gama rijiya da masussuka. Aka tuna ita ta kama yatsan. Aka tuna ya ɗora ta kan doron. Aka tuna ba a fasa duman ba. Sai ga shi an tuna rakensa ya fi na kowa kauri bana, dokinsa tsoho ne amma ba ya gajiya, sarkin samari kuma da bakinsa ya ce wani abu ya ɗauke masa ƙafa. Mutumin da ko magana bai iya ba, wa ya ba shi bakin da ya yi wasan nan? Gwaggo ta ce sun kira sunan abin da ba su sani ba, ya amsa, ba su sallame shi ba, yanzu yana bayan Maiwada da gaske, ya ba shi ƙarfi, shi kuma ya biya da kurwar jikarta.

Na sami Baba a zaure na durƙusa na ce a kai yarinyar nan ɗakin shan magani na Hunkuyi, allura ce maganin wannan. Ya ce shi ma abin da ke ransa ke nan, kuma a duk abin da ya karanta bai ga inda duma da gashin akuya suka zama aljani ba. Muka shiga tare. Gwaggo ta ji mu, ta tashi ta zauna a bakin ƙofar ɗakinta, ta miƙe ƙafafu daga wannan gefen ƙofar zuwa wancan. Ta ce in aka fita da gangar jiki alhali kurwa tana hannun wani, a hanya za ta cika. Ta ce ba inda za a kai ta sai Maiwada ya zo ya tsallake ta, ya sakar mata kurwa.

Ga wanda bai san tsallake ba: in an zargi mutum da maita, akan sa shi ya tuɓe riga ya ƙetare marar lafiya a gaban shaidu, wai ta haka yake sakin abin da ya kama. Wanda duk ya yarda ya tsallaka ya amsa laifi ke nan. Ba a ƙara cin abin hannunsa, ba a barin yaro ya je kusa da shi, ba a ba shi aure, har 'ya'yan 'yan uwansa sai an riƙa nuna su da baki. Balle mutum mai sana'ar abin zaƙi, wanda yara ne rabin masu sayensa.

Baba ya yi ta lallashinta, Yaya kaza, Yaya kaza. Ita ta goya shi bayan rasuwar uwarsu, bai taɓa ɗaga mata murya ba. Ta dube shi ido jajur ta ce ta binne nata duka, kowannensu ana ce mata ba komai, wannan kam sai dai a taka ta a wuce. Ban san sanda bakina ya buɗe ba.

"Gwaggo, 'yata ce. Hairi 'yata ce, ni na haife ta. Ki matsa."

Har mai daka ta tsaya da taɓarya a sama. Gwaggo ta kalle ni kamar ta ga baƙuwa.

"Yau ke ce da kiran sunanta a gabana? To kira da kyau, 'yar nan. Ni ma na kira nawa, ba su amsa ba."

Ba ta matsa ba. Hannunta yana baya a kan ƙafar Hairi tana shafawa.

Washegari da sassafe ina wanke tsummokaran da muka jiƙa mata jiki da su, Zulaihatu ta leƙo ta kan dangar bayan gida. Ba ta shigo ba, ba ta ma yi sallama da ƙarfi ba. Ta ce Maiwada bai runtsa ba, ya hura wa kekensa iska, ya ce a tambaye ni me nake so ya yi. Sai ta kama hannuna ta saman dangar, ta ce don Allah don Annabi kada in ce ya zo, tana da 'yan mata biyu da suka kusa aure, shi kuma ba shi da wata sana'a.

Masu karatu, me za ku ce mata? Ina jin gurnanin numfashin nan ta cikin bango. Na ce ta shigo ta dube ta, ta ce ba za ta iya ba. Na ce to ta tsaya ta saurara. Ta tsaya. Na ga fuskarta ta sauya.

"Ki gaya masa abin da kika ji, kada ki ƙara, kada ki rage. Ban ce ya zo ba, ban ce kada ya zo ba."

Na san mutumin da na aika wa wannan saƙon.

Da hantsi ya yi sallama. Farar rigarsa ta Juma'a ya sa, da hula haɓar-kada, kamar mai zuwa ɗaurin aure. Sada yana biye da shi riƙe da duman, fuskarsa duk ta faɗa. Kafin su ƙaraso tsakar gida mutane sun cika zaure, wasu sun hau katanga. Sada ya durƙusa ya ce shi ya ƙera abin nan da hannunsa, ga ragowar ƙaron ma yana gida, a bari ya rufe wasan yanzu. Ya yayyafa ruwa, ya buga duman da ƙasa ya tarwatse, wurin ido ɗaya ya gangara ƙarƙashin turmi. Gwaggo ta ce ɓawo ya fasa, abin da ke ciki ya daɗe da sauya gida.

Maiwada ya tsuguna ya gaida Baba, ya gaida Gwaggo, ya tambayi kwanan mai jiki, bai tsallake ko gaisuwa ɗaya ba. Ita ba ta amsa ba. Ni ina bakin madafa da mayafi a ka, ban da ikon cewa komai.

"Gwaggo, in na tsallake za ki bari a fita da ita?"

"In ka tsallake ka kai ta Makka ma."

Baba ya matso ya rage murya, amma na ji. Ya ce, Maiwada, ka san abin da kake shirin ɗora wa kanka? Wannan ba duma ba ne da za ka kwance in ka je gida.

"Na sani, Malam. Allah ya san ban riƙe kurwar kowa ba, ni da ko kaza sai na kira maƙwabci ya yanka mini. Amma tun daga zaure nake jin numfashinta. In muka tsaya sai an gane gaskiyata, rana za ta yi."

Ya cire hular ya miƙa wa Sada. Ya tuɓe rigar ya ninke ta a hankali, ya ajiye a kan turmi, ya rage daga shi sai wando. Ƙasusuwan bayansa duk a waje, babu komai tsakanin kafaɗun nan sai sawun igiyar da ta goge shi ranar gobara. Gwaggo ta fito da Hairi ta shimfiɗe ta kan tabarma a tsakar gida. Hairi ta buɗe ido da ƙyar, ta gan shi, ta ɗaga hannu. Ya sunkuya kusa da kunnenta.

"Kwanta abinki, uwata. Wasan nan ne ba mu gama ba."

Ya ɗaga dogayen ƙafafun nan ya ƙetare ta. Ya juyo ya sake ƙetarewa, yadda Gwaggo ta ce. Na ji salati ya tashi a kan katanga. Wata ta ce ashe dai, wata ta kira ɗanta da ƙarfi ta ce ya sauko su tafi. Shi bai dubi kowa ba. Ya mayar da rigarsa, ya ce mini in goya ta da kyau, in sa zane biyu, akwai gargada a hanya.

A garinmu mace ba ta hawa bayan keken namijin da ba mijinta ba, balle wanda aka gama kira maye yanzun nan. Na kalli Baba. Ya ce hau, Sakinatu, wanda ke da magana ya zo ya same ni. Gwaggo ce ta ɗora mini ita a baya da hannunta, ta cire mayafinta na saƙi ta lulluɓe ta, ta tura gefen cikin majanyi. Tana yi tana kuka tana ce mini yanzu kam ta samu, yanzu kam an sake ta, ki yi sauri.

Hanyar ba zan manta ta ba. Gonaki duk an girbe sai kututturen dawa, jakuna ɗauke da auduga muna wuce su. A rafi ya sauka ya tura mu, ruwa har gwiwarsa, rigar Juma'ar ta jiƙe da laka. Zafin jikinta yana ratsa zanen har cikin bayana. Da ya ji na fara shessheƙa sai ya kama ba ni labarin dokinsa, wai shekaranjiya ya tsinke ya shiga gonar liman ya ci wake, wai da aka kamo shi ko kunya bai ji ba. Ina hawaye ina jin haushi, mutumin nan ko yau ba shi da wani zance? Sai daga baya na lura muryarsa rawa take yi.

Malamin asibiti ya sa abin sauraro a ƙirjinta, ya ce ciwon haƙarƙari ne, ya tambayi me ya sa muka daɗe. Ya yi mata allura, ya ce sai mun zauna a garin ana yi mata kullum. Muka sauka gidan wani tsohon abokin karatun Baba, matarsa ta ba mu ɗaki da tabarma. Maiwada ya koma gida saboda doki, amma kullum da safe yana bakin asibitin kafin mu iso.

Zazzaɓin ya sauka a hankali. Numfashin ya daina gurnani. Wata safiya ta ce tana son koko, na zauna ina ba ta da ludayi ina murna. A tsakiyar murnar nan wani tunani ya zo mini. Da ta mutu, da wasu sun ce ashe ba shi ba ne, tunda ya tsallake bai yi amfani ba. Yanzu da take warkewa, duk ludayin da ta haɗiye shaida ce a kansa. Babu mai cewa allura a garinmu. Cewa za a yi ya saki.

Ranar kasuwar Hunkuyi ya zo da kwandon mazarƙwaila a bayan keke kamar yadda ya saba. Da muka fito daga allura na ga kwandon a cike. Ya ce 'yan garinmu sun riga shi shiga kasuwa da labarin. Sai ya yi murmushi yana karkaɗe ƙudaje daga kan ganyen.

"Kin ga ai na kafa tarihi. Ni ne mayen farko da ya yi dakon wadda ya kama har asibiti."

Ban yi dariya ba. Na ce masa ni na aika masa da saƙon nan, kuma na san abin da zai yi. Ya ce ko ban aika ba yana da kunne. Sannan ya dubi ƙasa, irin kallon da yake yi a zaure, ya ce yana so in sani bai riƙe ni da alkawari ba. Ya ce Hairi za ta girma, kada a riƙa ce mata agolar maye.

A kan bencin barandar akwai wata mata 'yar unguwarmu da ta kawo ɗanta ciwon ido. Yaron ya ga kwandon ya nufo shi, ta fizgo shi da ƙarfi har ya yi tuntuɓe, ta rufe masa fuska da gefen zane, tana tofe-tofe. Hairi kuwa tana bayana tana miƙa hannu, Baba Wada, Baba Wada. Ya ja da baya, ya ɓoye hannuwansa a bayansa.

Na kwance majanyi. Na sauko da ita, na taka har gabansa, na ɗora masa ita a ƙirji, dole ya fito da hannuwan ya tare ta. Na ɓalli mazarƙwaila daga kwandon na sa mata a baki, na sa ragowar a nawa, ina kallon matar nan har na haɗiye.

Juyowar da zan yi sai na ga Baba tsaye a bakin ƙofar asibitin, ƙafafunsa sun yi furu-furu da tafiya. Ban san tun yaushe yake nan ba. A hammatarsa akwai ƙunshi, na gane ɗaurin: kayan neman aure ne da dangin Maiwada suka kawo gidanmu, turmin atamfa da fatala da kwalbar turare, ko buɗe su ban gama yi ba.

Na durƙusa na yi masa sannu da hanya. Ya dubi Hairi tana tsotsar zaƙi a kafaɗar Maiwada, ya daɗe yana dubanta, leɓensa yana motsi. Sannan ya ce dangi sun taru jiya, Gwaggo ta ce ta gode wa Allah ta kuma yafe, amma jikarta ba za ta kwana gida ɗaya da shi ba, a mayar masa da kayansa.

"Na ɗauko dai. Tun daga gida nake tafe ina tambayar kaina hannun wa zan danƙa wa."

Maiwada ya gyara riƙon Hairi ya miƙo hannu ɗaya, kansa a ƙasa. Na riga shi. Na kama ƙunshin da hannu biyu, ina durƙushe.

"Nawa ne, Baba. Ni aka kawo wa."

Baba bai saki ba. Ni ma ban saki ba.